Shawarwarin ƴan fada kan wasan intanet a tsohuwar kwamfuta

A wata fadar shayi ta unguwar Zango, nan Damagaram, an tattauna yadda mai tsohuwar kwamfuta zai shiga wasannin intanet irin waɗanda mutum ke ɗaukar jarumi ya yi ta rainonsa tare da dubban ƴan wasa.

Abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan na wuce digiri 40, kuma injin kwamfuta na rage gudunsa da kansa idan ya ɗau zafi, sai wasa ya riƙa tsinkewa. Aka ce a buɗe kwamfutar a kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka, a sa sabon man sanyaya kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a daina ɗora ta kan katifa. A ganina wannan ce shawara mafi amfani, domin kusan kyauta ce.

Cikin wasan kuma a rage girman hoto zuwa 1280x720, a kashe inuwar da wasan ke zanawa, a rufe burauza. Mai RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na giga 4 ya ƙara zuwa 8 in hali ya yi, ya musanya tsohon faifan ajiya da SSD, wato sabon nau'in ma'adana mai sauri.

Wani ya jawo hankali cewa Steam, dandalin sauke wasannin kwamfuta, ya daina tallafa wa tsohuwar manhajar Windows 7 tun Janairun 2024. Masu ƙaramin inji suka yabi wasannin Old School RuneScape da Tibia saboda rashin nauyi, da sharaɗin a zaɓi sabar Turai (babbar kwamfutar da ƴan wasa ke haɗuwa a kanta), wadda ta fi ta Amurka kusa da mu.