Me ya sa naman kaza ya fi yawan iri a dazuzzukan kan duwatsu?

Ɗalibin Halittu:
Assalamu alaikum. Malamai, don Allah mene ne dalilin da ya sa ake samun nau'o'in naman kaza masu yawa a dazuzzukan kan duwatsu na yankuna masu zafi, irin su duwatsun Andis na Kudancin Amurka da Dutsen Kinabalu na tsibirin Borneo?

Malama Mai Bincike:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Babban dalili shi ne danshi, domin hazo yana lulluɓe waɗannan dazuzzuka kusan kullum, ganyaye da itatuwan da suka faɗi ba sa bushewa. Sannan zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, saboda haka kowane mataki na dutsen yana da bishiyoyinsa, kuma da yawa daga cikin nau'o'in naman kaza suna rayuwa ne manne da saiwar wata bishiya, suna ba ta ruwa da ma'adinai, ita kuma tana ba su sukari.

Dattijo:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa. A duk duniya, nau'o'in naman kaza da danginsa (har da fumfuna da yis) da masana suka ba wa suna ba su wuce kimanin 150,000 ba, alhali ana hasashen sun haura miliyan 2. A ganina, bai kamata kowa ya ci wanda bai tantance ba, domin wasu suna lalata hanta.