"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar": har a filin ƙwallo?

Malamin Wasanni: Jama'a, ku raba ni gardama da mataimakina. Ɗan gabanmu yaron aji biyar ne. Bara shi ya fitar da mu kunya, bana kuwa ko raga ba gola sai ya ɗaga ta sama. Ranar Asabar muna da wasan kusa da na ƙarshe a gasar makarantun sakandare. Na ce benci zai zauna, mataimakina ya ce wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Nan muhallinta ne?

Tsohon Gola: Malam, ba muhallinta ba ne. Ana faɗinta a kan ɗan uwa da ya lalace, ɗa ko ƙane, wanda ba ka da yadda za ka yi da shi. Gurbi a fili kuwa ba gadon gidan kowa ba ne. Akwai yaron da ke zuwa atisaye kullum yana ɗumama benci, shi ba hannunka ba ne?

Baban Yara: Ni ina bayan mataimakin. A gasar cin kofin duniya ta 1982 Paolo Rossi ya buga wa Italiya wasa huɗu bai ci ko ɗaya ba, jaridu na ta caccakar koci Enzo Bearzot, shi kuwa ya toshe kunne. A wasa na biyar Rossi ya zuba wa Brazil uku, ya ƙara biyu a ragar Poland, ɗaya a wasan ƙarshe da Jamus ta Yamma, suka ɗauki kofi.

Tsohon Gola: Rossi gardi ne, Baba, ya saba da ihun 'yan kallo. Ɗan shekara 16 da abokan ajinsa ke wa dariya a bakin layi fa? Barinsa a ciki yana ta ɓarar da ƙwallo ai shi ne yankewar. In kuma misali ake so, kocin Najeriya Stephen Keshi ya ajiye kyaftin ɗinsa Joseph Yobo a benci a yawancin wasannin kofin Afirka na 2013, sai dab da tashi ya sako shi a wasan ƙarshe da Burkina Faso. Yobon ne ya ɗaga kofin.

Uwar Ɗalibai: Duk kun tsallake rabin zancen. Wanda ya ƙi yanke hannu ai magani yake nema masa, ba zuba masa ido yake ba. Malam, ka taɓa zaunar da yaron nan ka ji damuwarsa? Na ga wanda ƙafarsa ta mutu a fili, ashe ba ya karyawa yake fitowa, kuɗin tara kuma ƙannensa yake ba. Wani kuma tsawo ne ya zo masa lokaci guda, jikin bai gama sabawa ba. In za ka ajiye shi, kira shi gefe tun ranar Alhamis, ka faɗa masa dalili da abin da zai gyara. Kada ya fara ji a gaban 'yan uwansa ana karanto sunaye, wannan yara ba sa mantawa da ita.

Baban Yara: Hajiya ta yi gaskiya. Ga kuma hanya ta tsakiya: dokar ƙwallo ta yarda a wasan matasa wanda aka canza ya sake komawa ciki, in hukumar da ke kula da gasar ta amince. Ka duba ƙa'idar taku. Ko ka sako shi bayan hutun rabin lokaci, sa'ad da 'yan bayan abokan karawarku suka fara haki.

Malamin Wasanni: Tamu gasar ba a komawa. Zan gan shi ranar Alhamis, kuma minti 30 na ƙarshe nasa ne ko ana cinmu.

Tsohon Gola: Ko kuna gaba da ɗaya, ana ta matsa muku? A nan dai ni ɗan baya zan ƙara, Malam.