"An bar jaki ana dukan taiki": wane ne jakin?

Sakataren Manoma, Kware: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manya. Bana albasar ƙungiyarmu da muka ajiye ta ruɓe, rudu (rumbun ajiye albasa) uku cikin bakwai. Tun ranar da aka buɗe ake ta faɗa da yaran da suka jera ta. Asabar mai zuwa za mu zauna mu duka, kowa ya kawo abin da yake gani ne sanadi. Na so in buɗe zaman da "an bar jaki ana dukan taiki", sai wani dattijonmu ya ce kul, maganar zargi ce, za ta ta da husuma. Gaskiya ne?

Baba Na Wurno: Wa alaikumus salam. Ɗana, dattijon ga da gaskiyatai. Mu yadda munka taso munka ji, ana faɗin ta ne in anka ji tsoron babba anka huce kan ƙarami. Taiki buhun fata ne, ba shi tafiya, ba shi gardama. Jaki shi aƙ ƙi tafiya, amma shina harbi. In ka faɗe ta gaban shugaban ƙungiya, kowa zai waiwaya shi dube shi.

Malama Mai Alli: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ba, amma ina ganin an ƙuntata ta. Dole ne jakin ya zama mutum? A tuna 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yara na suma suna mutuwa, ana ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka auna jini, aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Magani bai isa ba sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka fitar. A nan zazzaɓi ne taiki, ƙurar nan ce jaki.

Ɗan Kasuwar Kara: Ni dai duk wannan zama ban yarda da shi ba. Taron tsintsiya ba shara. A sha ruwan leda, a rubuta a allo, a watse. Ku hukunta wanda ya yi sakaci kawai.

Makanike Mabera: Yallaɓai, to wa ya yi sakacin? Ai nan gizo ke saƙar. A sana'armu mun san wannan: fiyus ya ƙone ka canza, gobe ya sake ƙonewa. Wani injiniyan kamfanin Toyota a Japan, Taiichi Ohno, ya kasance yana koya wa ma'aikata su tambayi "me ya sa" sau biyar a jere. Misalinsa: inji ya tsaya saboda fiyus ya ƙone. Me ya ƙona shi? Nauyi ya yi yawa. Me ya sa? Mai ba ya isa inda ƙarfe ke juyawa. Me ya sa? Famfon mai ya ci. Me ya cinye shi? Ba a sa mataci ba, garin ƙarfe na shiga. Ka lura, har aka kai ƙarshe ba a ce "wane ne" ba. Sakatare, ka gwada da albasarku. An daina ban ruwa kafin cira, ko an sha har ranar? An zuba takin yuriya a ƙarshen noma? Albasar da ta sha yuriya a makare wuyanta kauri yake, ba ta ajiyuwa. An bar ganye ya kwanta ya bushe kafin a yanke? Rudun iska na ratsa shi ta ƙasa? Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40.

Sakataren Manoma, Kware: Wallahi ka taɓo wuri. Mun cire da wuri don mu riga faɗuwar kasuwa, kuma shawarar mu shugabanni ce.

Hajiya Inna: To ka gani, ƙanena. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan a irin wannan zama. Yaran nan da suka jera albasa sun san wuyanta ɗanye ne, hannunsu ya taɓa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Amma wane yaro ne zai buɗe baki gaban mai gemu ya ce kun yi gaggawa? Kunya ba za ta bar shi ba, kuma tarbiyyarmu ce, ban ce a zubar ba. Dabara za ka yi. Ka fara da ƙanana, manya su zo daga baya. Wanda ba zai iya magana ba ya rubuta a takarda ba suna, da boko ko da ajami. Kuma muddin ana tattara ra'ayi, kada a ce wa kowa ba haka ba ne. Tantancewa sai kowa ya gama. Matan da ke tsince ta a gida ma a aika a tambaye su, su ne ke fara jin warin.

Baba Na Wurno: Hajiya ta gama magana. Ni dai ina nan kan bakana game da jaki da taiki, maganar tana da ƙaya. In kana son ta buɗe taro, ce musu "ruwa ba ya tsami banza". Wagga ba ta nuna kowa da yatsa.

Malama Mai Alli: Baba, ita ma ai akan faɗe ta in ana zargin akwai wata a ƙasa, kamar mutum ya sauya maka fuska ba dalili.

Baba Na Wurno: Awo, ɗiyata, amma zargin abu take, ba ta kama sunan mutum.

Sakataren Manoma, Kware: Na gode ƙwarai. Zan buɗe da ta Baba. Maganar cira da wuri kuwa ni zan fara faɗin ta da bakina kafin a ba yara dama, tunda da ni aka yanke ta. Makanike, in kana da sarari ranar Asabar bayan la'asar, ka zo ka riƙe mana allon.