Wai kyamarar fim mai dogaro da batir ba ta dace da Zariya ba?

Baba Mai Hoto, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Na ga yaran Samaru sun koma sayen kyamarar fim, to ga shawarata: duk wadda ba ta ɗaukar hoto sai da batir, kada ka rataya ta a wuya a garin nan. Ka nemi Pentax K1000 ko Nikon FM2. Batirinsu na mitar haske ne kawai, ko ya mutu labulen ciki, mai barin haske ya faɗa kan fim, zai buɗe ya rufe. Tun 1976 ake ƙera K1000 har 1997, ba a banza ta yi wannan daɗewar ba.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Canon AE-1 nake riƙewa, ita ma 'yar 1976 ce. Na zaɓi saurin labule, ita ta zaɓa mini buɗin gilashi. Ranar hawan daushe, doki ya taso a guje daga Ƙofar Fada, wa ke da lokacin murɗa wannan ya murɗa wancan?

Baba Mai Hoto: Ɗana, batirinta fa? 4LR44 ne, mai bolt 6. Idan ya ƙare, ko danna maɓallin ba za ka iya ba. Je ka Sabon Gari ka nemo shi mu gani.

Ɗan Samaru: Masu gyaran agogo suna da ƙananan batura LR44, Baba. A jera huɗu, a cike gurbin da 'yar takardar gwangwani, shi ke nan. Kuma K1000 ɗin da kuke yabo ba ta da makunnin kashe mita. Ka mance ba ka rufe gilashi ba, batir ya tsiyaye a cikin jaka.

Baba Mai Hoto: Ya tsiyaye mana! Ranar Zariya ba ta buƙatar mita. Fim mai lamba 200, ka sa saurin labule a 250, wato 1/250 na daƙiƙa, buɗin gilashi a 16. Idan hazo ya sauko ka buɗe zuwa 11, ƙarƙashin inuwar zaure ka ƙara buɗewa. Da haka muka yi ta ɗaukar biki da suna, babu wanda ya dawo mana da hoto.

'Yar Kongo: Baba, a yi mini afuwa, amma duk ku biyun maganar maza kuke yi. Ni Olympus Trip 35 ce a jakata. Ba ta cin batir ko kaɗan, kuma ita ke auna haske da kanta, da wannan zoben da ya kewaye gilashin. Idan haske bai isa ba, jar tuta ta taso a cikin madubin leƙe, ta ƙi ɗauka. A gidan biki, cikin mata, ka fito da wani ƙaton ƙarfe kowa sai ya ja mayafi ya gyara zama. Wannan kuwa kafin a ankara na gama.

Ɗan Samaru: Anti, saurinta biyu ne kacal, 1/40 da 1/200. Doki mai sukuwa zai fito miki kamar an shafa shi da hannu.

'Yar Kongo: Ni na ce maka doki nake bi? Ƙunshi da lefe da tsofaffin zaurukan cikin birni ba sa gudu.

Malamin Zane: Ku bar ni in sa baki. Baba yana da gaskiya rabi, amma ba batir ne ke kashe kyamara a nan ba, ƙura ce da zafi. Soson da ke toshe haske a bakin murfin baya yakan narke ya zama danƙo, sai ka ga jan layi ya ratsa hotunanka, kuma wannan bai bar K1000 ba, bai bar AE-1 ba. Man da ke cikin ta ƙarfe, wato wadda ba ta dogara da batir ba, shi ma yana daskarewa da ƙurar hunturu, saurin labulenta na 1/1000 ya koma abin da Allah ya yi. Bambancin kawai, ta ƙarfe mai haƙuri zai iya buɗe ta ya wanke ya sa mai. Mai lantarki idan allonta ya ƙone, sai dai ka sayi wata ka ciri kayanta. Zoben Trip ɗin Hajiya 'Yar Kongo ma yana rauni in an bar shi a rana shekara da shekaru, don haka a riƙa rufe shi.

Baba Mai Hoto: To ai ka zo wajena ke nan, Malam.

Malamin Zane: Ban ƙarasa ba, Baba. Ni abin da nake ɗauka ma Zenit-E ce ta zamanin Tarayyar Sobiyat. Nauyi kamar dutsen niƙa, labule ba ya wuce 1/500, amma gilashin Helios da ke bakinta yana yi wa fuska kyau. Sai dai sau da yawa a gida take kwana saboda nauyin, alhali ta Hajiya kullum tana tare da ita. A hau dutsen Kufena da Zenit a wuya, a zo a ba ni labari.

Auta: Ni dai tambaya gare ni, yayyena. Kun cika mu da sunayen kyamara, a ina za a wanke fim ɗin? Masu wankin hoton da na zagaya duk sun koma na kwamfuta.

Malamin Zane: Mai kala yana son ruwan magani a kan digiri 38 daidai, gara ka aika inda ake yi. Baƙi da fari kuwa, irin Ilford HP5, a ɗaki ma sai ka wanke, in ka samu ɗan tankin wanke fim da maganin. Matsalar ita ce digiri 20 yake so, ruwan randa a watan Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Sai ka haɗa da ƙanƙara, ko ka bari sai sanyin Disamba.

Ɗan Samaru: Shi ya sa nake sha'awar Pentax 17 da ta fito a 2024. Tana raba kowane gurbi biyu, fim mai hoto 36 ya ba ka 72. Da tsadar fim yanzu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baba Mai Hoto: Ita ma da batir take aiki ko?

Ɗan Samaru: Da shi, Baba.

Baba Mai Hoto: To ka riƙe kuɗinka. Auta, zo shago bayan la'asar, akwai tsohon tanki a ƙarƙashin benci. Ka taho da ƙanƙararka.