Kwamfutar hannu a aji: ƙarin ilimi ne ko ƙarin kuɗin makaranta?

Baban Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Wata makarantar kuɗi a nan Zariya ta aiko wa iyaye takarda cewa daga zango mai zuwa duk ɗan JSS1 zuwa sama sai ya mallaki kwamfutar hannu, a wajensu za a saya, kuɗin kuma ya kusa kamo na zango guda. Hujjar da suka rubuta ita ce, yaron da ke karatu da na'ura ya fi na allo da alli fahimta da cin jarrabawa. Da yawanmu abin ya shafa. Gaskiya ce ko ciniki? A yi magana, amma don Allah kada a kama sunan makaranta.

Injiniya, Samaru:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayansu. Tun 2015 JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta da masu rubutawa daga waje a 2024. Ta JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu. Na taɓa raka ɗan yayata cibiyar CBT, inda ake rubuta jarrabawar da kwamfuta, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya fito yana ce min hannunsa rawa ya dinga yi a kan maus, yana tsoron ya danna wani abu tambayar ta ɓace. Kafin ya nutsu lokaci ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:
Injiniya, naka ba su girma ba tukuna, shi ya sa. Na ba nawa wayata su yi aikin gida na kimiyya, na shiga kicin. Da na fito sai na tarar sun haɗa kai suna kallon ɗaurin ɗankwali a TikTok, littafin kuma a kife kan tabarma. Ina cikin gidan fa ke nan. To malami ɗaya yaya zai yi da yara arba'in, kowa da tasa a hannu?

Malamin Lissafi, Tudun Wada:
Injiniya, magana biyu ka haɗa. Abin da ɗan yayarka ya rasa sabo ne da kwamfuta, kuma 'yan Asabar kaɗan a ɗakin kwamfuta sun wadatar. JAMB ɗin ma ta tsara abin yadda ko maus ba ka buƙata: A, B, C, D ka zaɓi amsa, N ka wuce gaba, P ka dawo baya. Amma takardar makarantar ba wannan ta ce ba. Cewa ta yi na'urar za ta ƙara fahimta, kuma a nan ne na ja da ita.

An gwada, ba sau ɗaya ba. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci, kowane yaro da tasa. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi sawun abin a makarantun ƙauye 319, ya fitar da sakamako a 2012: yara sun iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu na lissafi da na harshe bai motsa ba. A 2015 kuma ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta duba sakamakon PISA, jarrabawar ƙasa da ƙasa ta 'yan shekara 15, ta ce ƙasashen da suka zuba kuɗi sosai a kwamfutocin makaranta ba a ga wani ci gaban a-zo-a-gani a karatu da lissafi da kimiyyarsu ba. Masu amfani da ita daidai wa daida sun ɗan fi waɗanda ba sa taɓawa, amma masu yawan zama a kanta a aji su ne suka fi faɗuwa ƙasa.

Ni kuma ga abin da nake gani da idona. Na rubuta rabi a haɗa da sulusi a allo a JSS2, mafi yawan ajin suka amsa min da biyu bisa biyar, sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Sai da na yaga takarda gida shida a gabansu, na ba ɗaya uku na ba ɗaya biyu, sannan na ji "au!" daga bayan aji. Da na'ura ce a hannunsu, da sun kwafo biyar bisa shida, na ba su maki, mu duka mu tafi gida ba wanda ya san akwai rami.

Injiniya, Samaru:
Malam, ka zaɓo waɗanda suka yi maka daɗi ne. Me ya sa ba ka kawo na Indiya ba? A Delhi an gwada wata manhajar kwamfuta, Mindspark, da yaran makarantun gwamnati, cikin wata huɗu da rabi suka yi wa 'yan uwansu fintinkau a lissafi da Hindi. Ba sai mun tafi nesa ba ma. A jihar Edo a 2024 Bankin Duniya ya gwada ƙirƙirarriyar basira da 'yan SS1 a darasin Turanci, mako shida kacal, aka ga bambanci a fili.

Dakta, Kongo:
Ku ba ni dama in shiga, don wannan fagena ne. Duk abin da su biyun suka kawo gaskiya ne, sai dai a duba yadda aka gudanar da kowanne.

Na Delhi ba raba na'ura aka yi aka ce a tafi gida ba. Bayan an tashi makaranta yaran ke zuwa cibiya, minti 45 a kan kwamfuta, minti 45 kuma tare da mai koyarwa a ƙaramin rukuni. Sirrin manhajar kuwa shi ne tana fara gwada yaro ta gano inda ya tsaya. In ɗan aji shida ne amma lissafinsa na aji uku ne, daga aji uku za ta ɗauko shi, ba ruwanta da abin da tsarin karatun gwamnati ya ce a koyar a wannan makon. Wato ramin da Malam ya gano da yaga takarda, ita tana gano na kowane yaro daban, abin da malami mai yara hamsin ba zai iya ba ko ya so. Na Edo ma bayan tashi aka yi, yara bibbiyu a kan kwamfuta ɗaya a ɗakin kwamfuta, malamai na zagayawa suna jagoranta da tambayoyin da aka tsara tun farko. Kuma mako shida gajeren lokaci ne, sabon abu kan ɗauki hankalin yara a farko.

A Kenya, yankin Kisumu, an kwatanta hanya uku: a ba yara na'urar karatu, ko a ba malamai kwamfutar hannu, ko a ba masu duba malamai kaɗai. Duk an samu ci gaba, amma ba wa kowane yaro tasa, wadda ta fi tsada nesa ba kusa ba, ba ta fi sauran amfani ba. Saboda haka ni abin da zan tambayi makarantar shi ne: me ke cikin na'urar? In littattafan da muka riga muka saya ne aka ɗauki hotonsu aka zuba, to kun sayi littafi sau biyu, na biyun kuma sai da caji.

Baba Hedimasta, Ƙofar Doka:
Allah ya yi miki albarka, Dakta. 'Ya'yana, ni na ga zamanin darasin rediyo, na ga na majigi, kowanne da ya zo sai a ce malami ya kusa zama ba shi da aiki. Kafin in yi ritaya an kawo mana kwamfutoci, aka yi taro, aka ɗauki hoto. Babu wuta, babu kuɗin man janareta, malamin da aka tura kwas aka yi masa canjin wurin aiki. Na kulle ɗakin don gudun ɓarayi, makullin ya zauna a aljihuna. Ranar da na buɗe wa magajina, ɓeraye sun cinye wayoyin.

Kuma kada mu manta 2017, lokacin da gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 cikin 33,000 sun kasa cin gwajin da aka yi musu da tambayoyin aji huɗu. Ko mutum ya yarda da yadda aka yi gwajin ko bai yarda ba, ni na san akwai gyara a wajenmu. Wanda bai riƙe darasin ba, na'ura ba za ta riƙe masa ba.

Ɗan Auta, ɗalibi a ABU:
Baba, Allah ya ƙara girma, a yi min afuwa in saɓa. Makarantarmu mun yi SS2 gaba ɗaya babu malamin Physics. Da wayar yayana da bidiyon YouTube na karanta, ina tsayarwa ina mayarwa baya har in gane, abin da ba na iya ce wa malami ya yi min saboda kunya. Ba don wayar nan ba da yanzu ba na Samaru. Ku kuna kwatanta na'ura da malami mai kyau. Mu da yawa zaɓinmu na'ura ne ko babu komai.

Malamin Lissafi, Tudun Wada:
Auta, ban musa ba, kuma maganarka ta taɓa ni. Amma ka riga ka iya karatu, kana jin Turancin mai bidiyon, kuma kai ka kai kanka. 'Yan ajinku nawa suke da waya a lokacin, nawa suka yi abin da ka yi? Sannan makarantar da ake magana tana karɓar kuɗi ne a kan tana da malamai.

Injiniya, Samaru:
Na karɓi ta Dakta a kan abin da ke cikin na'urar. Amma kada gobe wani ya kawo min cewa Faransa ta hana waya a makarantu tun 2018, ko Suwidin ta koma sayen littattafan takarda a 2023. Su sun ci sun ƙoshi ne suke rage cokali, yaransu da kwamfuta a gida suka tashi. Namu wani sai ranar JAMB zai fara ganin madannai. Ni har gobe gara su taɓa da wuri.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:
To su taɓa a makaranta mana, Injiniya. Da kuɗin yara goma a haɗa sola a ɗakin kwamfutar da suke nuna mana duk ranar biyan kuɗi. Ni biyu zan saya fa, ba ɗaya ba, ga na firamare yana tafe. Baban Zaure, ranar taron iyaye da malamai ina son Dakta ta zo ta yi musu tambayarta da bakinta. Ni kuma tawa daban ce: in gilashin ya fashe a mako na biyu, wa zai biya, kuma da me yarinya za ta yi karatu kafin a gyara?

Dakta, Kongo:
Zan zo in Allah ya so, Hajiya. Ku ce su kawo guda ɗaya a kunne, da malamin da zai koyar da ita, ya yi mana darasi ɗaya mu gani.