Tallafin manoma a jihar Tawa: kuɗi ne a hannu ko rangwamen taki?

Ɗan Adar, daga Yamai:
Assalamu alaikum. Ina aiki a Yamai, amma mahaifina yana noman gero da wake a wani ƙauye kusa da Ilela. Bara an rubuta sunansa cikin waɗanda za su samu tallafi, ya sa rai kuɗi za a damƙa masa, sai aka ba shi takardar sayen taki a farashi mai rahusa, takin kuma bai iso ba sai da gero ya fara fid da kai. Don Allah masu sani su fahimtar da ni: shin gwamnati tana biyan manomi kuɗi kai tsaye, ko kuwa tallafin duka a kan kaya yake tsayawa?

Tsohon Malamin Gona, daga Tawa:
Wa alaikumus salam, ɗana. A Nijar yawancin tallafin noma ba kuɗi ba ne, ragi ne a kan farashi. A da CAIMA, hukumar gwamnati mai samar da kayan noma, ce ke shigo da taki tana sayarwa da rahusa, amma gyaran da aka yi a 2018 ya mayar da shigo da shi hannun 'yan kasuwa, gwamnati kuma ta koma biyan wani kaso na kuɗin buhu a madadin ƙananan manoman da aka zaɓa. Takardar mahaifinka ke nan. Asusun FISAN na tallafa wa noma, wanda aka kafa a 2017, yana ɗaukar wani ɓangare na kuɗin aiki kamar rijiya ko injin ban-ruwa, amma sai manomi ya sa nasa, banki kuma ya ba da rance. Kuɗin da ake rabawa gidaje marasa ƙarfi agajin ci ne, ba na gona ba.

Ina ba da shawara kada Baba ya watsa takin da ya makara. Ya adana shi a wuri busasshe, idan an yi shuka ya riƙa zuba gram 6 na takin NPK a kowane rami, wato kimanin cikin murfin kwalbar lemo, musamman a cikin tassa, wato ramukan shuka da ake haƙawa don su tara ruwan sama, dabarar da mutanen Ilela suka ƙware a kanta.

Mai Albasa, daga Galmi:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai mu masu noman rani lissafinmu daban ne. Albasa ba ta jiran takarda. Idan na dasa, lokacin taki ya yi, dole in ci bashi wurin ɗan kasuwa, shi kuma ya karɓi albasa ranar cira, sa'ad da buhu ya fi kowane lokaci araha. Da za a ba ni zaɓi, rumbun ajiya mai iska zan roƙa, domin wanda ya iya riƙe albasarsa wata uku ko huɗu ba ta ruɓe ba, ya fi mai rangwame riba.

Inna Mai Akuya, daga Buza:
Ɗana, akwai abin da ba a faɗa ba. A watan Agusta rumbu ya riga ya zama fanko, maigida yana ƙwadago a gonar wani domin tiya biyu ta gero, tasa gonar kuwa ciyawa ta ci. Na ga mutum ya karɓi takinsa da safe, kafin azahar ya sayar ya auno hatsi, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ya sa hatsin da OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnati, ke sayarwa da rahusa a wannan lokacin yake riƙe manomi a gonarsa. Mu mata kuma, da yake sunan maigida ake rubutawa, gayaunarmu ba ta shiga lissafi.

Ɗan Adar:
Na gode, Malam. Na gode, Inna. Buhun yana nan a ɗakin Baba ba a buɗe ba, zan kira shi yau ya ɗora shi a kan katako, kada sanyin ƙasa ya dunƙule shi kafin damina.