Wai ƙasashen masu kuɗi ne korona ta fi kashewa? Ku zo mu yi ta

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Jiya ina share tarkacen hotuna a waya na ci karo da wani tebur da na ajiye tun 2022, jerin ƙasashe ne da yawan waɗanda suka kamu da korona da waɗanda ta kashe. Amurka sama da mutum miliyan 1, Birtaniya da Italiya kowacce ta haura 150,000, sai ka gangara can ƙasa ka ga ƙasashen da ko iskar oksijin ba ta ishe su ba a asibiti suna da dubu biyu dubu uku. Ni dai abin da na ɗauka shi ne masu kuɗin nan da manyan asibitocinsu su suka fi kowa faɗuwa a jarabawar nan, kuma lamba ba ta ƙarya. Wanda yake da ja ya fito.

Ɗan Lissafi: Wa alaikumus salam Baba. Ni ina da ja, amma a hankali zan ja haha. Na farko dai ba a kwatanta jimilla da jimilla, Amurka mutum wajen miliyan 330 ne a cikinta, dole adadinta ya yi girma. Sai an raba da yawan jama'a, a ce cikin kowane mutum miliyan ɗaya nawa suka mutu. Da ka yi haka teburin zai kife, Peru ce a sama, sai irin su Bulgeriya da Hungari da Bosniya, kuma ba wanda zai kira Peru ƙasar masu kuɗi.

Baban Khalifa: To na ji, a raba. Amurka sama da 3,000 cikin miliyan, Nijeriya wajen 15 cikin miliyan tunda mutum 3,100 da ɗoriya aka rubuta. Raba ɗin ma ai bai cece su ba ɗana.

Maman Amira: Yaya kalmar da ka faɗa da bakinka ita ce amsar, "aka rubuta". Ni fa na yi aikin jinya a lokacin nan, fom ɗin da muke cikewa yana da gurbin sakamakon gwaji, in ba a yi gwaji ba gurbin haka yake tafiya fayau, kuma mutumin ba zai taɓa shiga wannan teburin naka ba ko da numfashi ne ya ɗauke masa a gabana. Akwai satin da kayan gwajin suka ƙare mana gaba ɗaya, a takarda satin nan ba wanda ya kamu, alhali ni da hannuna nake ɗaga mutane ina kifa su a kan ciki don su samu su shaƙi iska. Teburin nan ba cutar yake aunawa ba, masu ƙirgar yake aunawa.

Auta: Anti ni abin da ya daɗe yana ɗaure min kai kenan. A farkon abin, Maris 2020, ana cewa a Italiya wajen kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna mutuwa, Jamus kuma bai kai kashi 1 ba a lokacin, ga su kusa da juna. Na ɗauka ƙwayar cutar ce kala biyu wlh

Ɗan Lissafi: Ƙwaya ɗaya ce Auta, abin da ake rabawa da shi ne ya bambanta. Italiya asibitoci sun cika sun batse, wanda ya galabaita kawai ake gwadawa, Jamus kuwa ta baza gwaji da wuri har matasan da suka dawo daga hutu da ɗan tari duk ta kama su ta rubuta. Ɗauki misali, mutum 1,000 sun kamu 10 sun mutu. In ka gwada 100 da suka fi jin jiki kawai sai ka ce kashi 10 ke mutuwa, in ka gwada duka dubun sai ka ce kashi 1. Mamatan nan goma ne a duka biyun ba su ƙaru ba ba su ragu ba.

Shi ya sa masana suka riƙe jirgin ruwan nan Diamond Princess da aka tsare a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, mutum 3,711 a ciki, kusan kowa an gwada shi, 712 suka kamu, 14 suka rasu. Ko shi ɗin ma fasinjojin yawanci tsofaffi ne, ba za ka ɗauke shi ka ɗora wa ƙasa guda ba.

Kawu Bala: Ku yi ta lissafinku. Ni na ce Turawan nan ƙara lambar suka yi. Mutum yana da ciwon zuciya shekara goma, ya mutu, a ce korona. Mota ta buge mutum a ce korona. Da haka ba dole su kai miliyan ba?

Maman Amira: Kawu zancenka yana da ɗan tushe amma ka miƙe shi da yawa. Gaskiya ne kowace ƙasa da irin ma'aunin da ta ɗauka. Ingila da farko duk wanda aka taɓa gwadawa aka samu yana da ita, in ya mutu ko bayan wata nawa ne sai a saka shi, sai a Agustan 2020 suka ce a'a sai wanda ya mutu cikin kwana 28 da gwajin, rana ɗaya adadin Birtaniya ya ragu da sama da 5,000. Beljiyam kuma har waɗanda ake zargi kawai a gidajen kula da tsofaffi tana sakawa ba tare da gwaji ba, shi ya sa ta daɗe a saman tebur ana ta yi mata dariya. Amma da aka zo aka duba yawan mutanen da suka mutu a ƙasar gaba ɗaya aka cire abin da aka saba gani a shekarun baya, rarar da ta fito ta yi kusan daidai da abin da Beljiyam ɗin ta faɗa. Wato ita ce mai gaskiyar, gaskiyarta ce ta ja mata kunya.

Kawu Bala: Rarar me kuma?

Ɗan Lissafi: Rarar mace-mace Kawu. Ba ruwanka da abin da likita ya rubuta. Ƙasa ta saba binne a ce mutum 100,000 a shekara, bana ta binne 125,000, to ina 25,000 ɗin nan suka fito? Wanda ciwon zuciyarsa zai kashe shi dama yana cikin dubu ɗarin farko. Da ƙarin lamba aka yi da rarar ba za ta fito ba, amma ta fito, kuma a ƙasashe da yawa ta ma fi abin da gwamnati ta sanar. Hukumar Lafiya ta Duniya a Mayun 2022 ta ƙiyasta rarar 2020 da 2021 a miliyan 14.9, alhali abin da ƙasashe suka kai rahoto miliyan 5.4 ne. Ragi aka yi Kawu ba ƙari ba.

Peru da na ambata ɗazu, har ƙarshen Mayun 2021 adadinta bai kai 70,000 ba, suka zauna suka sake duba takardun mutuwa, kwana ɗaya ya koma sama da 180,000. Ba wanda ya mutu a daren nan, ƙirga ce aka gyara. Da Baba ya ɗauki hoton teburinsa kafin ranar da wata Peru daban zai gani.

Auta: Ni wanda ya fi ba ni dariya Koriya ta Arewa, sai Mayun 2022 suka yarda ta shiga, suka ce mutum miliyan 4 da wani abu sun yi "zazzaɓi" amma 74 kacal suka mutu. Turkmenistan kuma har aka gama ba ta ce ko mutum ɗaya ya kamu ba. A teburin Baba su ne zakarun duniya kenan

Baban Khalifa: Auta ka kiyaye ni haha. Ai ban ce a yarda da waɗannan ba, kowa ya san su.

Maman Amira: To ai nan gizo ke saƙar Yaya, kai ka zaɓi waɗanda za ka yarda da su. Tanzaniya ta tsaya a mutum 509 da suka kamu tun wajen ƙarshen Afrilun 2020, shugabansu na lokacin Magufuli ya ce ƙasar ta rabu da cutar, sama da shekara ba sabon adadi. Rasha ma a Disambar 2020 mataimakiyar firaminista Tatyana Golikova da kanta ta ce sama da kashi 80 na rarar mace-macen shekarar korona ce, abin da ya ninka adadin da ake sanarwa kullum wajen sau uku. Indiya ta rubuta ƙasa da 500,000 zuwa ƙarshen 2021, Hukumar Lafiya ta ce rararta ta kai miliyan 4.7, Indiya ta ce ba ta yarda ba sam. Kuma wannan tsohon hali ne, murar 1918 da ake kira ta Sifaniya ba don a can ta fara ba ne, don Sifaniya ba ta cikin yaƙin duniya ne jaridunta suna da bakin faɗa, masu yaƙi kuwa sun toshe nasu.

Malam Iro: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma kun yi wa Alhaji taron dangi da yawa, bari in tsaya masa ta gefe guda. Ana iya ɓoye lamba, ba a iya ɓoye gawa idan ta yi yawa. Mun ga motocin soja suna kwasar akwatunan gawa daga Bergamo ta Italiya a Maris 2020, mun ga gawarwaki a bakin titi a Guayaquil ta Ekwado, mun ga abin da ya faru a Delhi a Afrilun 2021 da hayaƙin ƙona gawarwaki bai daina tashi ba dare da rana. Ƙasashen da ke ƙasan teburin nan da yawansu ba a ga irin wannan ba, kuma akwai dalili na zahiri wanda ba ruwansa da gwaji, wato shekaru. Cutar nan tsofaffi take ci, ɗan shekara 80 hatsarinsa ya ninka na ɗan shekara 20 sau ɗaruruwa. Italiya kusan kashi 23 cikin 100 na mutanenta sun kai 65, Afirka kudu da Sahara wajen kashi 3 ne, a Nijar rabin jama'a ba su wuce shekara 15 ba ko kusa da haka. Ko da kowa ya kamu ba za a mutu kamar Italiya ba.

Ɗan Lissafi: Malam wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma lura, ya rushe maganar Baba ne ta wata ƙofar. In shekaru ne suka yi aikin to ba gazawar asibiti ba ce, ƙasar da ta iya raya mutanenta har su kai 85 ita ce ta tara wa cutar abinci. Singafo ma haka, zuwa ƙarshen 2020 wajen mutum 58,000 suka kamu amma 29 suka mutu, saboda yawancinsu matasa ne leburori 'yan ci-rani da ke cunkushe a ɗakunan kwana. Tambayar da ta dace ita ce ɗan shekara 70 da ya kamu a wannan ƙasa da ɗan shekara 70 da ya kamu a waccan, wa ya fi tsira. Kuma batun kamuwa, a Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta ce gwajin jini ya nuna wajen kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun kamu, kusan ninki 97 na abin da aka rubuta. Afirka ta Kudu da take da rajistar mutuwa mai kyau, a hukumance wajen 100,000 suka mutu, rara wajen 300,000.

Malam Iro: To amma ka faɗi gaskiya duka ɗan'uwa. Rarar nan sai inda ake rubuta mutuwa tun asali. Binciken BBC na 2021 ya nuna ƙasashe 8 kacal a Afirka ke da cikakkiyar rajistar mutuwa. Sauran da me aka cire me? Kwamfuta aka ba wa bayanan wasu ƙasashe ta yi hasashe. Ko Jamus da take da takardu tsaf sai da masu lissafin Hukumar suka yarda sun yi kuskure a nata suka gyara. Don haka kai ma miliyan 14.9 ɗinka kar ka riƙe shi kamar aya.

Ɗan Lissafi: Ban musa ba, su da kansu sun ce tsakanin miliyan 13.3 ne da 16.6. Na dai fi yarda da mai cewa tsakanin kaza da kaza a kan mai ba ni 74 cif.

Auta: Swidin fa? Lokacin kowa zaginta yake don ta ƙi yin kulle

Maman Amira: Ya danganta da ranar da ka tambaya. A 2020 mutuwarta cikin miliyan ta ninka ta Norway wajen sau goma, gidajen tsofaffi suka sha wuya sosai. In ka haɗa 2020 zuwa 2022 ka duba rara kuma sai ka same ta cikin na ƙasa-ƙasa a Turai. Masu zagi da masu yabo duk suna da teburinsu, kwanan watan ne ya bambanta. Sin ma ai haka, shekara kusan uku lambarta a ƙasa, da ta saki takunkumi a Disambar 2022 cikin sati biyar ta sanar da kusan 60,000 a asibitoci kaɗai.

Kawu Bala: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya ƙirga ba.

Baban Khalifa: To na ji ku duka, na janye "lamba ba ta ƙarya", Maman Amira ta kashe wannan tun da fom ɗinta. Amma teburin ba zan goge ba, don akwai layi ɗaya da ba ku taɓa ba. Japan. Ta fi Italiya tsofaffi, kusan kashi 29 sun kai 65, tana da rajista, ba wanda ya ce tana ɓoye gawa, amma mutuwarta ba ta wuce 600 ba cikin miliyan, Amurka da ta fi ta matasa sama da 3,000. Nan ba gwaji ba ne, ba shekaru ba ne, ba ƙaryar gwamnati ba ce. To menene? Ɗan Lissafi kai nake jira.

Ɗan Lissafi: Baba wannan kam ka kama ni a daidai, nan kwatancen ya halatta. Ƙiba da ciwon suga sun fi yawa a Amurka nesa ba kusa ba, Japan kowa yana da inshorar lafiya, takunkumin fuska dama sun saba da shi, kuma yawancin kamuwarsu ta zo ne a 2022 bayan tsofaffin sun sha rigakafi. Amma wanne ya fi nauyi a ciki, bari caji na ya dawo, kashi 3 ya rage min